Yaron da Aka Kwantar da Sunan Wani

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da mota sau biyu take shiga garin a mako. Sunansa Jatau, wanzami ne, kuma bahago. Ba malami ba ne, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Abin da ya mallaka zabirarsa ce da askake da ƙahon shan jini, sai matarsa Tabawa da ɗaki biyu a bayan mahauta. Amma hannunsa da sanyi, don haka manyan gidajen garin kusan duk shi ke yi musu aski, shi ke askin suna, shi ke yi wa 'ya'yansu kaciya.

A bayan garin nan hukuma ta gina asibitin masu taɓin hankali, a ciki aka ware ɗaki guda na yara maza, gado goma sha shida, tagogi da ƙarafa. Yara ne 'yan shekara tara zuwa sha biyar. Wani yana jin ana yi masa magana babu kowa a wurin. Wani ya daina cin abinci wai an sa masa guba. Wani ya yi wata uku bai ce uffan ba. Yawancinsu sai da aka gama yawo da su, aka yi hayaƙi, aka yi duka, aka sa mari, sannan da ƙafa ta fara ruɓewa aka tuna akwai asibiti.

Wata rana shugabar masu jinyar ɗakin, Sista Asabe, ta zo rumfar wanzamai a kasuwa. Ta ce ƙwarƙwata ta cika kan yaran, wasu sun yi susa har gyambo, tana neman wanda zai riƙa zuwa yana yi musu aski. Wanzamai goma sha ɗaya ne a rumfar. Ɗaya ya ce aljanin da ke kan mahaukaci aska yake bi. Ɗaya ya ce wa zai sake ba ka kansa in ya ji inda askarka ta kwana. Sarkin Aska ya ba ta haƙuri ya juya yana wasa askarsa. Jatau yana gefe yana ji har ta fita. Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi a ƙofar asibiti.

Ku saurara ku ji yadda yake aikinsa. Ya ware askake uku na asibiti kaɗai, ya ɗaura musu jan zare. In ya shiga Sista ta ƙirga su, in zai fita ta sake ƙirgawa, domin aska a ɗakin nan ba abin wasa ba ce. Ba ya taɓa kan yaro sai ya zauna a gabansa ya gaishe shi, ya nuna masa askar, ya gaya masa abin da zai yi. In yaro ya ƙi, ya bar shi sai wani makon. Akwai wanda sai da ya yi Alhamis bakwai yana gaishe shi kafin ya sunkuyar masa da kai.

Ana nan, wata Alhamis ya tarar da sabon yaro a gadon ƙurya, ɗan shekara goma sha biyar, ya rame, gashi ya cukurkuɗe, idon sawunsa duka biyu gyambon mari. Sista ta ce sunansa Audu, wani mutum ne ya kawo shi ya ce shi kawunsa ne daga wani ƙauye mai nisa, ya sa hannu ya tafi. Ta ce kwana shida ke nan ana kiransa ba ya ko ɗaga ido, har likita ya rubuta cewa ciwon ya kai inda ba ya gane sunansa.

Jatau ya zauna a gabansa, ya yi gaisuwarsa, ya ɗaga haɓar yaron a hankali don ya ga inda zai fara. Sai hannunsa ya tsaya. A kumatun yaron akwai bille, tsagar nan guda ɗaya da ake yi wa jariri daga gefen hanci. Billen kowane wanzami a garin ƙasa yake gangarowa sosai. Na bahago kwanciya yake yi. Kuma bahagon wanzami ɗaya ne a ƙasar nan.

Ya duba goshin, ya duba kunnen, sai ya gane. Wannan Mu'azu ne, ɗan Alhaji Badamasi dillalin fatu, wanda duk Juma'a da safe yake yi wa aski a zaurensa. Shi ya aske yaron nan ranar suna, shi ya yi masa kaciya yana shekara bakwai. Kuma wata biyar ke nan Alhaji yana gaya wa gari cewa ya tura Mu'azu Kurmi, can kudu, wajen ƙanensa ya koyi kasuwanci.

Ya sunkuya kusa da kunnensa ya ce, “Mu'azu.”

Yaron ya ɗago ido ya dube shi.

Jama'a, yaro ba kurma ba ne. Sunan wani aka yi kwana shida ana kiransa da shi. Yaron da dama muryoyi ke damunsa a ka, yana kokawa ya gane wace ce ta gaske, sai ubansa ya ƙara masa da wannan. Ka kai ɗanka wurin magani, ka yi wa likita ƙarya a kan abu na farko da ya tambaye ka.

Da zai fita Jatau ya ce wa Sista su riƙa kiransa Mu'azu. Ta tsare shi da tambaya ina ya san shi, ɗan wane ne. Ya roƙe ta ta ba shi lokaci. A ransa yana so uban ya zo da ƙafarsa, domin wanda aka janyo da takardar hukuma zai zo ne da fushi, kuma a kan yaron zai sauke shi. Wanzami kuwa yana shiga har cikin gida, yana ganin abin da baƙo ba ya gani, kuma tun yana ɗan koyo aka hore shi cewa abin da ya gani a gidan mutane a nan yake barinsa.

Magani ya fara aiki. Da fari allura, daga baya ƙwayoyi safe da yamma. Yaron ya fara barci, ya fara ci, gyambon ya rufe. Ba a rana ɗaya ba, akwai makon da ya fasa kwano ya ce ana leƙensa ta rufi, akwai makon da maganin ya sa wuyansa ya sandare sai da likita ya rage. Amma kafin wata shida yana sallah a tsaye, yana share ɗakin, yana yi wa ƙanana lissafi a ƙasa da tsinke. Likita ya tambaye shi sunan ubansa ya ƙi faɗa. Ya ce Baba ya ce kada ya faɗa, in ya riƙe bakinsa zai zo ya ɗauke shi.

Ranar Lahadi ce ranar ziyara. Tun bayan azahar Mu'azu zai wanke fuska ya zauna bakin taga mai kallon hanya. Uwaye biyu ko uku ke zuwa, cikin gado goma sha shida. Shi yana nan har a rufe ƙofa. In Jatau ya zo Alhamis ba ya tambayarsa kai tsaye, sai dai ya ce, “Baba Jatau, Alhaji yana gari kuwa?” Jatau ya ce yana gari. Shi ke nan, sai yaron ya sunkuyar da kai a aske shi.

To, ga inda maganar ta tsaya. Likita ya ce yaro ya samu sauƙi, gida ya kamata ya koma ya riƙa zuwa karɓar magani. Aka aika takarda ƙauyen da aka rubuta, ta dawo, babu mai wannan suna. Sista Asabe ta ja Jatau gefe ta gaya masa ƙa'ida. Ɗakin na yara ne, kuma Mu'azu ya shiga sha shida. In ƙarshen wata ya yi babu wanda ya zo ya karɓe shi, za a mayar da shi gidan da ake ajiye manyan da ba su da kowa, can babban birni, inda mutum ɗari ke kwana a tsakar gida ɗaya. Ta ce a shekarunta na aiki ba ta ga yaron da ya shiga can ya fito da hankalinsa ba. Saura kwana goma sha takwas.

Ranar Juma'a Jatau ya je zauren Alhaji kamar kullum. Ya jiƙa kan, ya aske, ya gyara gemu. Da ya zo maƙogwaro sai ya ji zuciyarsa tana tafasa, maganar ta zo masa har baki. Ya haɗiye ta. Ya gama askin tsaf, ya goge askar, ya naɗe, ya sa a zabira, ya ture zabirar can bakin ƙofa. Bai yarda a ce ya roƙi mutum abu da aska a wuyansa ba. Sai da yaran gida suka fita sannan ya durƙusa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, Mu'azu ya samu sauƙi. Likita ya ce a zo a ɗauke shi.”

Alhaji ya dube shi ya ce, “Mu'azu yana Kurmi.”

“Ranka ya daɗe, jiya na aske shi.”

Alhaji ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce yana da 'yan mata huɗu a ɗaka, biyu an sa musu rana. Ya ce wa zai auri 'yar gidan da aka ce akwai hauka a jininsu. Ya ce yaron nan ya taɓa ɗaukar taɓarya ya bi ƙanwarsa, da idonsa ya gani. Ya ce ya kashe abin da ya kashe wajen masu magani, ya gaji, hukuma ta riƙe shi tunda ta iya. Jatau ya bar shi ya gama. Ya ce duk ya ji, kuma tsoron gaskiya ne, amma wanda ya ɗauki taɓarya ciwo ne, ciwon kuwa yanzu yana da magani. Ya gaya masa maganar ƙarshen wata da gidan babban birni. Ya ce in kunya ce, ya zo da magariba ta ƙofar baya, babu mai gani.

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, “Jatau, kai wanzami ne. Tsaya a kan gashi. Kada in sake ganinka a zauren nan.”

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma mai ɓoye abu tsoron wanda ya sani yake yi. A masallacin Juma'ar ranar Alhaji ya fara gaya wa abokansa cewa ya sallami Jatau domin ya gano askar da yake aske mahaukata da ita yake kawo musu. Ƙarya ce, kun ji maganar jan zare. Amma kafin mako ya zagayo gida tara sun rufe masa ƙofa. Aka yi suna a unguwa aka kira wani. Yara suka fara binsa suna cewa wanzamin mahaukata. A rumfar kasuwa abokan sana'arsa suka sa shi gaba, wani ya ce, “Bahago, ko dai kai ma sun fara ba ka ƙwayar ne?” Aka yi dariya. Sarkin Aska ya tambaye shi a gaban kowa me ya haɗa shi da Alhaji Badamasi, tunda shekara ashirin yana yi masa aski.

Ku saurara. Kalma huɗu ce kawai, ɗansa yana asibitin nan. Da ya faɗe ta, kafin la'asar gari ya juya kan Alhaji, shi kuma ya wanke kansa. Tabawa ma a gida ta yi ta yi da shi, ta ce mutum ya hana su tuwo shi kuma yana rufa masa asiri, wannan wace irin wauta ce. Jatau ya ce mata asirin ba na Alhaji kaɗai ba ne. In ya tona shi a kasuwa, sunan yaron ne zai zama abin hira a bakin masu shayi, kuma 'yan matan nan huɗu ba su yi masa komai ba. A rumfa kuwa abin da ya ce wa Sarkin Aska shi ne, Alhaji ya ga dama ya canja wanzami.

Kada ku ɗauka ba ya jin zafi. An ce a kwanakin nan in yana wasa aska sai dutsen ya yi ƙara. Sau biyu ya sake komawa ƙofar Alhaji, sau biyu aka ce masa ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin zaure.

Saura kwana huɗu ya shiga ofishin likita, ya ce a rufe ƙofa, ya faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe. Likita ya rubuta takarda ya ba masinja ya kai hannu da hannu. Amsa ta dawo a rubuce, da sa hannu, cewa Alhaji Badamasi ba shi da ɗa a asibiti. Likita ya jefa takardar a kan tebur, ya ce yana iya kai maganar gaban alƙali, amma shari'a da mai kuɗi ba ta ƙarewa a kwana huɗu, motar babban birni kuwa ranar Litinin za ta zo.

Sai Jatau ya ce a ba shi yaron.

Likita ya tambaye shi shi mene ne nasa. Ya ce ba su haɗa jini ba, amma tun yana kwana bakwai a duniya ya riƙe kansa a tafin hannu. Likita bai yi masa daɗin baki ba. Ya ce ciwon nan yana iya dawowa, magani ba fashi ko na rana ɗaya, duk wata a kawo shi a duba, in ya daina barci a kawo shi ranar, kada a jira, kuma babu mari, babu duka, babu hayaƙi. Ya ce zabirar askake kuwa a kulle take kwana. Jatau ya ce ya ji. Ya je gida ya gaya wa Tabawa. Ta yi faɗan da za ta yi, ta ce su da ba su da na cefane, sannan ta tashi ta kwashe tukwanenta daga ɗaki na biyu ta share shi. Ya aika wa Alhaji cewa ranar Lahadi zai ɗauko yaron, ba zai ce wa kowa ɗan wane ne ba, amma fuska ba ta ɓoyuwa, in yana so ya riga shi zuwa hanya a buɗe take.

Lahadi ta yi. Jatau ya zauna a bakin ƙofar asibiti tun azahar yana duban hanya, ko Allah zai sa. Har aka kusa rufewa babu kowa. Ya shiga ya dangwala yatsa a takarda. Mu'azu yana bakin taga, Sista ta ɗaure masa kayansa a ɗankwali. Da ya ga Jatau ranar da ba Alhamis ba sai fuskarsa ta washe.

Ya ce, “Baba ne ya aiko ka?”

Sista ta yi wa Jatau ido, wai ya ce e, a rabu lafiya. Da ni da ku ne, da mun ce e. Jatau ya tsuguna a gabansa yadda ya saba.

Ya ce, “A'a, Mu'azu. Bai aiko ni ba. Na je sau uku, bai yarda ba. Ni na zo da kaina, gidana za mu.”

Yaron ya ce, “Ai na riƙe bakina. Ban faɗa wa kowa ba.”

“Na sani. Ba laifinka ba ne.”

Yaron ya juya ga bango ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun da aka kawo shi. Jatau bai taɓa shi ba, bai ce ya yi shiru ba, ya zauna a ƙasa yana jira. Mai gadi ya leƙo Sista ta kore shi. Can da yaron ya gaji ya share fuska da hannun riga, ya ɗauki ƙullinsa da kansa, suka fita, Jatau a gaba da ƙwayoyin wata guda a aljihu.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Alhaji ya talauce, ko ya zo yana kuka yana neman gafara. Bai talauce ba. 'Yan matansa huɗu duk sun yi aure, gari ya gane yaron cikin kwana biyu, aka yi gulmar mako guda aka koma cin abinci a zaurensa. In ya hango Mu'azu a hanya sai ya shiga wani lungu. Jatau kuma gidajen nan tara uku ne suka dawo masa. Ciwon ya tashi sau biyu, sau biyu Jatau ya kama hannun yaron da rana tsaka, ta tsakiyar kasuwa, ya mayar da shi asibiti da sunansa na gaskiya, kuma duk Lahadi shi da Tabawa suna can da kwanon tuwo. Mu'azu ya koyi ɗinki, ya yi shago, ya sha magani har tsufansa. Iyakar labarin ke nan. Hisabin sauran ba a duniya aka yi shi ba.

To, 'yan'uwa, ba don Alhaji Badamasi na tara ku ba, ya daɗe a ƙasa. Don mu ne. Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne, kamar na hanta, kamar na ƙirji, yana kama ɗan malami yana kama ɗan attajiri, kuma yaron da ya kamu bai saye shi a kasuwa ba. Malamai sun karantar da mu cewa an ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe. Ba a ɗauke shi daga kan ubansa ba. Duk dukan da ka yi masa an rubuta. Duk marin da ka sa masa an rubuta. Ƙaryar da ka yi wa likita, da ranar ziyarar da ka zauna a majalisa kana shan shayi, an rubuta.

A cikin zaman nan akwai wanda ke da ɗaki a bayan gida da kwado a jiki, kuma duk unguwa mun san me ke ciki, muna wucewa muna gaisawa. Akwai wanda ɗansa ko 'yarsa ke kwance a asibiti, rabonsa da zuwa tun azumi. Akwai mu sauran, da muke fasa neman aure a gida don an ce wani nasu ya taɓa taɓuwa, mu ne muke koya wa iyaye ɓoyewa. Abin kunyar shi ne a yar da yaro, kuma da mai yarwa da mai sa a yar duk suna da kaso.

Ka buɗe kwadon nan yau. Ka kai shi asibiti, ka faɗi sunansa da naka. Ka yi masa addu'a, ka kuma ba shi maganinsa, ɗaya bai hana ɗaya ba. Wanda nasa ke kwance, gobe ka nemi kuɗin mota ka je. In ka rasa abin da za ka ce masa, ka zauna a gefen gadon ka yi shiru, zai san ka zo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kada wani yaro ya tsaya a gabanSa yana nuna mu da yatsa. Ku tashi mu yi sallah.